Babi na Tara: Farin Layi da Tsakuwa

Ranar 22 ga Oktoba, 2017, a filin tsere na Austin da ke jihar Texas ta Amurka, Max Verstappen na Red Bull ya tashi daga gurbi na 16. Shekararsa ashirin a duniya. Ya yi ta cin motoci ɗaya bayan ɗaya har ya iso ƙeyar Kimi Raikkonen na Ferrari, wanda ke riƙe da matsayi na uku. A zagayen ƙarshe, cikin doguwar lanƙwasar nan ta hannun dama da ke dab da ƙarshen hanya, yaron ya hango 'yar kafa ta ciki, ya cusa hancin motarsa, ya wuce. Jama'a suka miƙe tsaye da ihu. Ya sauko daga mota, ya cire hular kwano, ya shiga ɗakin da mutum ukun farko ke jira kafin a kira su dandamalin karɓar kofi. Yana cikin shan ruwa sai ga jami'i ya shigo da saƙo, ga kuma Raikkonen. Alƙalan tsere sun duba hoto, sun ga cewa a daidai lokacin da ya wuce, tayoyinsa huɗu duk suna bayan farin layi. An ƙara masa daƙiƙa biyar, ya koma na huɗu. Duniya na kallonsa ya juya ya fita daga ɗakin.

Hukuncin ya dace da doka, babu tantama. Amma mutanen Red Bull da suka tada jijiyar wuya a ranar ba a banza suka yi ba, domin tun ranar Juma'a direbobi ke ta ƙetare layi a wasu sassan filin ba a ce musu kanzil ba. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai tambaya ce da hayaniyar ta danne: me ya sa tun farko aka bar shimfiɗaɗɗen wuri a bayan layin, wanda mota za ta bi da wannan gudu ko girgiza ba ta yi ba? Da ciyawa ce a wurin, ko tsakuwa, ko bango, da Verstappen bai ko yi tunanin bi ta nan ba, da kuma ba a nemi alƙali ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Dokar kanta gajeriya ce. Hukumar FIA, mai kula da tseren motoci a duniya, ta ce dole direba ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya tsaya kan hanya, kada ya bar ta sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Farin layin da ke kowane gefe cikin hanya ake lissafa shi, dakalin nan mai ja da fari da ke bayan layin kuwa ba ya ciki. Muddin wani ɓangare na mota, ko da gefen taya ɗaya ne, yana taɓa layin, direba na cikin hanya. Mai kallon ƙwallo ya san wannan ƙa'ida, don ita ce ta bai wa Japan ƙwallonta ta biyu a ragar Sifaniya a Katar a 2022, lokacin da Kaoru Mitoma ya dawo da ƙwallon da kowa ya rantse ta fita alhali ɗan gefenta na saman layi. Sai dai a ƙwallo irin wannan gardama sau ɗaya ko biyu take tasowa a wasa. A Formula 1 kuwa dukkan motocin ne ke lasar layin a kowace kwana, a kowane zagaye, har tsawon awa ɗaya da rabi. Ranar Asabar, wajen fafatawar neman gurbin tashi, duk zagayen da direba ya fita a cikinsa soke lokacinsa ake yi. Ranar Lahadi ƙirga masa ake yi: na farko da na biyu a rubuta, na uku a ɗaga masa tutar gargaɗi mai baƙi da fari, na huɗu daƙiƙa biyar. Wanda kuma ya fita ya wuce wani, ko dai ya mayar da abin da ya ci ko a ci shi tara.

Da gangan suke lasar layin, kuma suna da dalili. Gudun da mota za ta iya shan kwana da shi ya dogara ga faɗin da'irar da ta zana. In ka matse da'irar dole ka rage gudu, in ka buɗe ta sai ka ƙara. Shi ya sa direban tsere ke tunkarar kwana daga can gefen waje, ya yanko ya goga cikinta, sannan ya saki motar ta sake zamewa waje yana taka totur. Kowane taƙi da ya samu ƙari a wajen fita yana ba shi damar taka totur da wuri, kuma wannan ɗan ƙarin gudu yana bin sa har ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar da ke gaba. Ribar ba ta taka kara ta karya ba a idon mai kallo. Amma a Ostiriya a 2023, tsakanin Verstappen da ya samu gurbi na ɗaya da Charles Leclerc da ya bi masa, daƙiƙa 0.048 ce kacal. Mutumin da tun yana yaro ƙarami ake koya masa cinye duk faɗin hanya ba zai bar taƙi ɗaya na kwalta ya tafi a banza ba.

Akwai kuma abin da mai kallon talabijin ba ya lura da shi. Mu daga sama muke ganin mota, ko daga kyamarar da aka kafa daidai saitin layi, a kuma maimaita mana a hankali har sau uku. Direba kuwa kusan a kwance yake cikin motar, mazauninsa 'yan santimita kaɗan daga ƙasa, ƙafafunsa sun fi ƙugunsa tudu, kafaɗunsa a ɗaure tamau, kansa a tokare hagu da dama. Idonsa bai fi tsayin saman taya da wani abin kirki ba. Tun 2022 da aka koma manyan tayoyi masu ƙarfen inci 18, aka kuma ɗora ɗan fiffike bisa kowace tayar gaba, abin da yake gani na gefen hanya ya ƙara raguwa. Inda taya ke taɓa ƙasa, wato daidai wurin da ake shari'a a kansa, ba ya ganinsa ko kaɗan. A gudun kilomita 200 cikin awa mota na cin mita 55 a kowace daƙiƙa, in kuma yana bayan wata motar, gurɓatacciyar iskar da take bari tana rage masa kamun ƙasa, motar ta yi ta zamewa waje fiye da yadda ya nufa. Da jikinsa yake jin iyakar hanya, ta karkarwar da dakali ke aikowa cikin sitiyari da kujera. Layin fenti ba ya aiko da komai. Sai bayan rabin zagaye injiniyansa zai gaya masa ta rediyo cewa an rubuta masa ɗaya.

A da can ba a wannan gardama, don iyakar hanya a fili take: rami, itatuwa, turakun waya, katangar gidan wani manomi. A Spa ta ƙasar Beljiyam a 1966, ruwan sama ya kama direbobi a zagayen farko, motar Jackie Stewart ta bar hanya ta ƙare a gefen wani gida, ya maƙale a ciki kusan minti 25 fetur na jiƙa shi. Babu ma'aikatan ceto a kusa. Direbobi biyu da su ma suka faɗi a wurin, Graham Hill da Bob Bondurant, su suka ari sifana daga wani ɗan kallo suka kwance sitiyari suka ciro shi. Bayan shekara biyu, ranar 7 ga Afrilu, 1968, Jim Clark, gwanin gwanaye na zamaninsa, ya bar hanya a Hockenheim ta Jamus ya shiga itatuwa, bai fito da rai ba. Ina jin masu kallo na cewa a dawo da irin hanyoyin da, wai a lokacin ne ake tseren maza. Ba na tare da su ko kaɗan. Stewart ya shafe shekaru yana faɗa a kan shingen ƙarfe da motar asibiti da fili a gefen hanya, ana yi masa kallon matsoraci, kuma direbobi da yawa da suka tsufa a gidajensu albarkacin wannan faɗa suka ci.

Daga nan ne tsakuwa ta shigo. Akan haƙe fili a bayan kwana a cika shi da ƙananan duwatsu, motar da ta kuɓuce ta nutse a ciki ta rage gudu kafin ta kai bango. Tsakuwa na da kyau biyu a haɗe, tana ceton rai tana kuma hukunta kuskure nan take, don wanda ya faɗa cikinta ko dai ya fito a hankali ana wuce shi ko ya kafe a nan. Lewis Hamilton ya ɗanɗana wannan a Shanghai a 2007, lokacin da motarsa ta kafe a 'yar tsakuwar da ke bakin shiga wurin canjin taya, abin da ya taimaka wajen raba shi da kambun duniya a shekararsa ta farko. Amma bayan mutuwar Roland Ratzenberger da Ayrton Senna a Imola a ƙarshen mako guda a 1994, aka shiga bin kowace kwana da awo, aka kuma ga inda tsakuwa ke gazawa. Mota mai shimfiɗaɗɗen ciki in ta zo da gudu sosai takan yi tsalle bisa tsakuwar ba ta nutse ba. Haka ya faru da Michael Schumacher a Silverstone a 1999, burkinsa na baya ya ƙi, motar ta sheƙa ta kan tsakuwa ta daki shingen tayoyi, ya karye a ƙafar dama, ya rasa tsere shida. In kuma mota ta shigo a karkace, tsakuwar kan kama tayoyin ta wuntsila ta. A kan kwalta kuwa burki na ci, direba na iya juya sitiyari, motar da ta fita takan dawo da kanta ba sai an shigo da motar ɗauka kusa da masu gudu ba.

Hujja ce mai ƙarfi, aka kuwa bi ta har ƙarshe. Sababbin filayen da injiniyan nan Bajamushe Hermann Tilke ya zana, irin su Baharen da Shanghai a 2004, Istanbul a 2005, Abu Dhabi a 2009 da Austin a 2012, an shimfiɗa musu faffaɗar kwalta a bayan kwana da yawa. Tsofaffin ma aka bi su. A 2014 aka kwashe wani sashe na tsakuwar Parabolica, mashahuriyar kwanar ƙarshe ta Monza a Italiya, wadda a da rawar jiki take sa direba, aka malala kwalta. An sami tsaro, wannan gaskiya ne. Abin da ba a lissafa ba shi ne aikin hukunci da ƙasa ke yi kyauta ya tashi daga wuyanta ya koma wuyan mutum huɗu da ke zaune a ɗaki gaban allunan talabijin. Tun a Spa a 2008 aka ga alamar inda aka dosa. Hamilton ya yanke ta kan kwaltar kwanar ƙarshe yana kokawa da Raikkonen, ya ɗaga ƙafa ya bar shi ya wuce, ya sake cin sa a kwana ta gaba, ya lashe tseren, ya karɓi kofi. Bayan an watse aka ƙara masa daƙiƙa 25, nasara ta koma hannun Felipe Massa.

Shekaru da dama hukumar ta yi ta lallaɓa abin da takarda. Kafin kowane tsere daraktan tsere kan fitar da sanarwa: a kwana kaza farin layi ne iyaka, a kwana kaza ƙarshen dakali ne, a kwana kaza ba za a duba ba sam. Wani lokaci a canza tsakanin Juma'a da Asabar. Inda wannan ya kai aka gani a Baharen ranar 28 ga Maris, 2021. Sanarwar Michael Masi, daraktan tsere na lokacin, ta nuna cewa za a sa ido kan kwana ta 4 ranar Asabar amma ba za a ƙirga ba ranar Lahadi. Hamilton ya karanta ya fahimta, ya yi ta buɗewa a wurin, masu bin hotunan suka ƙirga masa sau 29. Da Red Bull suka lura sai suka gaya wa Verstappen ta rediyo shi ma ya yi haka. Nan da nan sai ga gargaɗi daga ɗakin darakta cewa a daina. A zagaye na 53 cikin 56, Verstappen ya wuce Hamilton ta waje a wannan kwanar, tayoyinsa huɗu suka fita, aka umarce shi ya mayar da matsayin. Ya mayar, bai sake samun dama ba, Hamilton ya ci da daƙiƙa 0.745. A takarda akwai bambanci tsakanin fita don rage lokaci da fita don wuce abokin hamayya. Amma ka gwada yi wa mai kallo bayanin cewa wuri ɗaya halal ne sau 29 ga wannan, haram ne sau ɗaya ga wancan, ka ga ko zai saurare ka.

Da aka shiga 2022 da sababbin daraktoci, aka yanke magana ɗaya: farin layi ne iyaka a ko'ina, a kowace rana. Na yi murna da wannan, har yanzu kuma ina ganin shi ne daidai. Sai dai doka mai tsabta a kan filin da bai dace da ita ba, nauyinta kan murƙushe masu aiwatar da ita, kuma a Red Bull Ring da ke Spielberg ta Ostiriya ne ta murƙushe su.

Filin gajere ne, bai kai kilomita huɗu da rabi ba, ana zagaye shi cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Ƙarshensa kwana biyu ne na hannun dama a jere, ta 9 da ta 10, duka a gangare, duka masu gudu, kuma direba ba ya ganin mafitarsu sai ya riga ya shiga. A bayan layi akwai faffaɗan dakali, a bayan dakali kwalta. A fafatawar neman gurbi ta 2023 aka soke lokaci 47. Sergio Perez, da ke tuƙa motar da ta fi kowace gudu a shekarar, sau uku a jere ana soke masa zagaye, ya ƙare a gurbi na 15. Ranar Lahadi, 2 ga Yuli, abin ya fi ƙarfin kowa. Hukumar da bakinta ta ce akwai fiye da wuri 1,200 da ake zargin mota ta fita, waɗanda dole a duba ɗaya bayan ɗaya. In ka raba wannan a kan zagaye 71, kusan goma sha bakwai kenan a kowane zagaye, wato sabon zargi duk bayan daƙiƙa huɗu ko biyar. Mutum ya tsayar da hoto, ya matso da shi, ya duba ko akwai baƙin taya a kan fari, ya rubuta lambar mota, kafin ya ɗaga kai wasu uku sun taru. Babu idon da zai iya.

Aka kaɗa tutar ƙarshe, aka ba Verstappen kofi, jama'a suka kama hanyar gida. Sai ƙungiyar Aston Martin ta shigar da ƙara cewa akwai waɗanda suka cancanci tara ba a ci su ba, aka kuma ba ta gaskiya. Kusan awa biyar bayan tsere aka fitar da sabon sakamako, da ƙarin hukunci 12 a kan direbobi takwas. Carlos Sainz ya sauko daga na huɗu zuwa na shida, Hamilton daga na bakwai zuwa na takwas, Esteban Ocon shi kaɗai aka jibga masa daƙiƙa 30. Rashin adalcin da ke ciki ya wuce jinkiri. Gargaɗin tuta an yi shi ne domin direba ya san saura ɗaya ya shiga uku, ya ja da baya. Wanda aka tara masa laifi bakwai ko tara a ɓoye, aka karanto masa da daddare, an hana shi damar gyarawa. Wanda kuma ya yi ta taka-tsantsan yana asarar lokaci a kowane zagaye, ya ga na gabansa na fita ba a ce komai ba, shi ma an cuce shi tun tsere na gudana. A watan Oktoba a Katar aka sake ganin irinta, har aka gaya wa Oscar Piastri cewa an soke masa lokaci yana tsaye gaban makirufo ana hira da shi a matsayin na uku.

Kafin a kai nan an gwada wata dabara da nake fata a daina ta kwata-kwata. Domin a hana fita ba tare da an zuba tsakuwa ba, sai aka riƙa kafa dogon tudu mai tauri a bayan dakali, wanda zai daki cikin motar duk wanda ya haura. A ƙaramin gudu yana aiki. Amma motar da ta kuɓuce wa direba ba ta zaɓar gudun da za ta zo da shi. A Monza a watan Satumba na 2019, mako ɗaya bayan mutuwar direba Anthoine Hubert a Spa, wani matashi ɗan Ostireliya mai suna Alex Peroni da ke tseren Formula 3 ya buɗe a Parabolica, a kan kwaltar nan da aka malala a 2014, ya hau irin wannan tudu. Motar ta tashi sama tana juyi, ta faɗo a kife bisa shinge. Ya fito da ƙafarsa, amma da karaya a ƙashin baya, kuma a ranar aka cire tudun. A Austin a 2021 Abbie Eaton ita ma ta karye a ƙashin baya a kan irinsa. An cire tsakuwa don tsaro, an sa kwalta, kwalta ta jawo fita, an sa tudu don hana fita, tudu ya karya bayan yara. An gudu ba a tsira ba.

Hanya ta biyu ita ce ƙara wa alƙalai idanu. Tun 2022 hukumar ta buɗe wata cibiya a Janeba inda ma'aikata ke bin hotunan tsere daga nesa suna taimaka wa na fili. A tseren ƙarshe na 2023 a Abu Dhabi aka fara gwada manhajar kwamfuta mai gane siffar mota, tana auna ko ta haura layi, ta zubar da waɗanda a fili suke ba laifi, ta miƙa wa mutum 'yan kaɗan masu wuya. Wannan ci gaba ne, kuma ya rage jinkiri. Amma na'ura komai kaifinta laifi take kamawa bayan an yi shi. Ba ta canza lissafin da direba ke yi a cikin hular kwano ba, wato cewa yana da fita uku kyauta, kuma in abin ya zo da tara, daƙiƙa biyar wani lokaci ta fi arha a kan zama bayan mota mai jan ƙafa zagaye goma.

A 2024 masu filin Spielberg suka yi abin da direbobi suka daɗe suna roƙo. Aka haƙa siririn zirin tsakuwa mai faɗin mita biyu da rabi a bayan dakalin kwana ta 9 da ta 10, aka kuma matsar da farin layin yadda ratar da ke tsakaninsa da tsakuwar ba ta kai faɗin mota ba. Hikimar a awon take. Kafin tayoyin ciki su bar layi, na waje sun riga sun faɗa tsakuwa, motar ta yi wutsil-wutsil, ƙura ta tashi, lokaci ya tafi. Ba wanda zai fita ya ci riba, saboda haka ba sauran abin dubawa. A bayan zirin kuma kwaltar tana nan ga motar da burkinta ya ƙi. Aka ƙara shuɗin layi a bayan farin domin na'ura ta riƙa bambancewa da sauƙi. Zarge-zargen da suka haura dubu a 2023 suka zube warwas, kuma direbobin da suka yi ta ƙorafi suka shiga yabo, duk da cewa kwanar ta fi da wuya a gare su. Wannan ya nuna mini cewa ba sassauci suke nema ba tun farko. Iyakar da za su ji a jikinsu suke so.

Tsugune dai ba ta ƙare ba, don a wannan tseren ma Lando Norris ya sha tarar daƙiƙa biyar, kuma cikin fitar da aka ƙirga masa har da wadda ya yi yana kokawar wuce Verstappen, kafin su yi karo a zagaye na 64 George Russell ya tsinci nasara. A kwana ta 3 suka yi ta wannan kokawa, inda bayan layi kwalta ce shimfiɗe. Nan ne matsalar ta fi tsanani. Ƙa'idar da alƙalai ke bi a lokacin ta ba da kwana ga wanda hancin motarsa ke gaba a tsakiyar lanƙwasa. Direba mai wayo da ke ciki sai ya sassauta burki don ya riga isa wurin, ko da ya san ba zai iya shan kwanar ba, su fita tare da na waje. Haka ta faru a Austin a watan Oktoba na 2024, Verstappen da Norris suka fita tare, Norris ya dawo a gaba, shi aka ci tara ya rasa matsayi na uku. Bayan mako ɗaya a Meziko, Verstappen ya ƙara matsawa, aka ci shi daƙiƙa goma sau biyu. An sake rubuta ƙa'idar, an ma wallafa ta ga kowa a 2025. Amma da tsakuwa ce a wajen waɗannan wurare, na ciki ba zai saki burki ba don ya san shi ma zai kafe, na waje kuma zai san lokacin janyewa.

Me ya hana a zuba ta ko'ina? Kuɗi, da kuma babura. Formula 1 sau ɗaya take zuwa a shekara, sauran kwanakin filin na ci ne daga tseren babura, da ƙananan gasanni, da masu kuɗin da ke hayar hanya su gwada motocinsu, waɗanda ba sa son ɗan kuskure ya kai su gareji. Ga mai babur kuwa, tsakuwa dab da dakali haɗari ce, don wanda ya faɗi yana zamewa da gudu gara ya fara goga kwalta ya rage kafin ya isa inda zai yi ta wuntsilawa. Shi ya sa gasar MotoGP ta dogara ga koren fenti da na'urar da ke jin nauyin taya, da tsananin da ya fi na motoci. Brad Binder ɗan Afirka ta Kudu ya rasa matsayi na uku ranar Asabar da ranar Lahadi a jere a Assen ta Holan a 2023 saboda tayarsa ta ɗan taɓa kore. Filin da ke karɓar gasannin biyu, kamar Spielberg, sai ya yi ziri irin wanda za a iya rufewa a buɗe gwargwadon masu zuwa, kuma wani ne zai biya wannan aiki duk shekara. A ganina gasar da ke karɓar miliyoyin daloli daga kowane fili kafin ta sauka a cikinsa ita ya kamata ta ɗauki kaso mafi girma.

Tsakuwa na da nata aibin da ba a ɓoyewa. Duk motar da ta taɓa ta sai ta watso duwatsu kan hanya, na baya ya taka ya zame ko tayarsa ta yanke. A Zandvoort ta Holan an magance wannan a wata kwana ta hanyar haɗe sashen farko na tsakuwar da wani irin danƙo, ya zama yana da santsi ga taya amma ba ya watsewa. Imola ma ta mayar da tsakuwa a wurare da dama kafin tseren 2024. Aikin na awo ne, kwana bayan kwana, kuma ba a gama shi sau ɗaya. Piastri ya rasa gurbi na uku a Spielberg a 2024 a kwana ta 6, inda tsakuwa ke nan kusa amma ratar ta bar masa wurin da zai haura layi da ɗan abin da ido ba ya gani bai yi asarar gudu ba. Daga kakar 2026 kuma an rage faɗin motocin daga mita 2 zuwa mita 1.9. Duk inda aka bar ratar ta yi kusa da mita biyu, sabuwar mota na iya shigewa tsakanin layi da tsakuwa ba ta taɓa ko ɗaya ba, don haka dole masu filayen su sake fitowa da abin awo da bokitin fenti su matsar da layin santimita goma.